Madubin Likita A Makaranta, Da Abin Da Ya Ke Nuna Wa Manomi

Wannan mako filin manoma zai ɗan ratse daga gona ya leƙa makaranta. Dalili kuwa, akwai iyaye da yawa waɗanda 'ya'yansu na sakandare kan komo gida su ce yau an duba ɓawon albasa a madubin likita. Uba ya ji haka sai ya girgiza kai, ya ce ashe albasar da ya shekara 20 yana nomawa ita ce za a karɓi kuɗinsa a nuna wa ɗansa? To, albasar dai ita ce, amma abin da yaron ya gani cikinta uban bai taɓa gani ba, kuma ya shafi gonarsa fiye da yadda ya ke zato.

Idon mutum yana da iyaka. In an ɗauki rula aka dubi 'yan ƙananan zanen nan na milimita, sa'an nan aka raba ɗaya kashi 10, to kusan nan ne ƙarfin ido ya ƙare. Abin da ya kasa haka girma, ko yana kan tafin hannu ba a ganinsa. Madubin likita, wanda Turawa ke kira maikuroskof, shi ne ke ɗaukar mutum ya wuce wannan iyaka. An sa masa sunan likita ne don a asibiti jama'a suka fara ganinsa ana duba jini da shi, amma malamin gona da malamin dabbobi ba su kasa likita bukatarsa ba.

Gininsa ba wuya. Bututu ne mai gilashi a sama inda a ke sa ido, da wasu gilasai uku ko huɗu a ƙasa bisa wani faifai da a ke juyawa a zaɓi wanda a ke so. Ƙarƙashinsu akwai ɗan teburi mai huda a tsakiya, nan a ke ɗora abin dubawa. Haske yana fitowa daga ƙasa, ko daga ƙwan lantarki ko daga wani ɗan madubi da ke ɗauko hasken taga, ya ratsa abin, ya bi ta gilasan har ya kai ido. Gilashin ido yawanci yana ƙara girma sau 10. Na ƙasa kuwa akwai mai sau 4, da mai sau 10, da mai sau 40. Lissafin sau ne, watau 10 sau 4 ya ba da 40, 10 sau 10 ya ba da 100, 10 sau 40 ya ba da 400. Tun da ya ke haske ne zai ratsa, tilas abin dubawa ya zama siriri ƙwarai. Abin da ya sa a ke zaɓen albasa ke nan, ba don an raina sauran kayan gona ba.

Yadda a ke duba albasa

In an yanka albasa aka ɓare saɓi ɗaya, a cikinsa ta wajen da ya lanƙwasa akwai wata yana mai sheƙi, wadda ta fi takardar sigari siranta. Wannan yana kaurinta ƙwaya ɗaya ne tak, ba wani abu a samanta ko ƙarƙashinta da zai tare haske. Yaro zai ciro 'yar kaɗan wadda ba ta fi ƙwayar shinkafa biyu ba, ya shimfiɗa ta bisa ɗigon ruwa a kan gilashin ɗora abu, ya lura kada ta naɗe. Sa'an nan ya ɗiga aidin, irin wanda a ke sa wa rauni amma an tsarma shi. Daga nan sai ya ɗauki ɗan siririn gilashin rufi, ya kafa gefensa ɗaya cikin ruwan, ya sauke shi sannu a hankali da tsinke. In ya sake shi ya faɗa gaba ɗaya, iska za ta maƙale a ciki, kuma nan ne sabon ɗalibi ya kan sha kunya. Zai leƙa ya ga wasu da'irori masu baƙin baki, kyawawa, ya zana su da murna ya kai wa malami, alhali kumfa ce ya zana.

Ana farawa da ƙaramin gilashi, mai sau 4. A dubi madubin daga gefe a sauke gilashin kusa da abin, sa'an nan a sa ido a murɗa babban mamurɗi ana ɗagawa har hoto ya fito. Wanda ya sa ido yana saukewa bai ga inda gilashi ya kai ba, ƙarshenta ya fasa abin dubawa, wani lokaci har ya ƙarce gilashin da ya fi kome tsada a jikin madubin. In an koma kan mai sau 40, ƙaramin mamurɗi kaɗai a ke taɓawa. Kada a yarda a karkata ɗan madubin haske ya ɗauko rana kai tsaye, gama wannan yana iya lahanta ido. Wani abin da ke rikita yara kuma shi ne kome a juye ya ke fitowa, in an tura gilashi dama sai a ga hoto ya tafi hagu. Hannu ya kan saba cikin kwana biyu.

Abin da za a gani kama ya ke da katangar bulo, ɗakuna dogaye jere da juna, kowane da bangonsa. Kowane ɗaki shi a ke kira ƙwayar halitta. A tsawo, uku ko huɗu ne ke cika milimita 1, kuma waɗannan manya ne cikin ƙwayoyin tsiro. Cikin kowace akwai wani ɗan dunƙule da aidin ya rina ya yi ruwan ƙasa, wannan ne cibiyar ƙwaya, inda gadon iri ya ke ajiye, watau abin da ke sa albasar Galmi ta haifi albasar Galmi. Yawancin ɗakin kuwa wata jakar ruwa ce ta cika shi, kamar salka. Ba za a ga kore ba, don kan albasa ba ya aiki da hasken rana. Wanda ke son ganin 'yan ƙwayoyin nan tsanwa masu haɗa abincin tsiro sai ya ɗauki ganye siriri, kamar na ciyawar ruwa.

Wani Bature na Ingila mai suna Robert Hooke shi ya fara ganin irin ɗakunan nan cikin ɓawon itacen da a ke yin marfin kwalba, ya buga hotonsu cikin littafinsa a shekarar 1665. Ɗakunan da ya gani matattu ne, bango kawai. 'Yan kasuwa masu karatun wannan fili za su so jin cewa wanda ya fara ganin ƙananan halittu masu rai suna iyo cikin ɗigon ruwa, a 1674, ba likita ba ne, ba kuwa malamin jami'a ba, mai sayar da yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, sunansa Leeuwenhoek, kuma da hannunsa ya ke goge gilasansa. Sai a 1838 da 1839 wasu Jamusawa biyu, Schleiden da Schwann, suka tabbatar da cewa tsiro da dabba duka da irin waɗannan ƙwayoyi aka gina su.

Gishiri da takin zamani

Ga inda maganar ta fara shiga gona. A ɗauki yanar jar albasa, ta bayan saɓi inda launin ya ke, don jakar ruwanta ja ce, ana ganinta ba sai an sa aidin ba. A ɗiga ruwan gishiri mai ƙarfi a gefen gilashin rufi, a kanga takarda mai tsotsa a ɗaya gefen ta jawo shi ciki. Cikin 'yan mintoci mai duba zai ga jan ya janye daga bango, ya ƙanƙance ya taru a tsakiya, ya bar fili fari kewaye da shi. Gishiri ya tsotse ruwan ƙwayar. In an yi maza aka wanke da ruwa mai kyau, sai ta sake kumbura ta cika ɗakinta. In an daɗe, ta mutu ke nan.

Takin zamani, ko yuriya ko NPK, a wajen saiwa aikinsa ɗaya ne da gishirin nan in ya yi yawa a wuri guda. Manomin da ya zuba cikin hannu guda a gindin masara ranar da ƙasa ta bushe, bayan kwana uku ya ga ganye ya ƙone, ya kan ce an sayar masa da mugun taki. Sau da yawa takin lafiyarsa lau. Abin da ya faru a saiwar masararsa shi ne abin da ɗansa ya gani a jikin jar albasa. Saboda haka a ke cewa a sa taki nesa da gindi kamar faɗin yatsu huɗu, a binne shi, kuma a jira ƙasa ta yi laima. A Nijar akwai dabarar sa taki cikin ramin shuka, amma wannan 'yar tsunkule ce, giram 2 zuwa 6 ga rami bisa ga irin takin, kuma gauraye da ƙasa. Wanda ya ji labarin ya je ya zuba da ludayi, kada ya zargi kowa.

Masu lambu kuma ga nasu. In an jiƙa tsumma aka sa ƙwayar gero ko masara kwana uku ko huɗu, za a ga farin gashi lallausa kewaye da 'yar saiwa, wanda wasu kan zata fumfuna ce. A madubi, kowane sili ƙwayar halitta ɗaya ce da ta miƙe ta yi tsawo, kuma ta nan ne mafi yawan ruwa ke shiga tsiro. In an fizge dashen tumatir ko barkono daga busasshiyar ƙasa, gashin nan duk ya tsinke, sai dashe ya yi yaushi ko da an cika shi da ban ruwa, har sai ya fid da sabo. A jiƙa gadon iri tukuna, a ciro da ƙasarsa, a dasa da yamma.

Burtuntuna

Amma babban abin da ya kamata malamin makarantar ƙauye ya ɗora bisa madubinsa bayan albasa shi ne burtuntuna. Ba manomin dawa da bai san ta ba. Zangarniya ta fito kyakkyawa, sai a ga a maimakon ƙwaya akwai wasu 'yan jakunkuna masu ruwan toka, in an matse su sai baƙin gari ya fito kamar kunkunniya. Wani ya ce ruwa ne ya yi yawa, wani ya ce ƙasa ce ta gaji, wani ya ce bakin mutane ne.

A taɓa garin nan da bakin allura, a kaɗa cikin ɗigon ruwa, a rufe, a duba a sau 400. Ba ƙura ba ce. Ƙura kowace da siffarta, wata mai tsini, wata mai faɗi. Wannan kuwa 'yan ƙwallaye ne masu ruwan ƙasa, dubbai, duk girmansu kusan ɗaya, sai an jera fiye da 100 kafin su cika milimita 1. Kowace ɗaya iri ce, irin wata fumfuna da ke rayuwa cikin jikin dawa.

Mutanen Faransa ma sun daɗe suna gardama a kan irin wannan ciwo a alkamarsu. A 1755 wani mai suna Tillet ya buga labarin gwajin da ya yi: ya ɗauki alkama mai kyau ya raba, wani kashi ya barbaɗa masa baƙin garin, wani ya bar shi, ya shuka su kusa da juna, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya. Wanda aka barbaɗa wa shi ne ya cika da ciwo. Amma Tillet ya ɗauka garin wani dafi ne. Sai a 1807 wani mai suna Prévost ya jiƙa garin cikin ruwa ya zauna yana duba shi a madubi, har ya ga ƙwallayen sun tsira sun fid da zare kamar yadda iri ke fid da saiwa. Ya kuma lura cewa a ruwan da ya taɓa tagulla ba su tsira. Daga nan aka sami dabarar wanke iri da magani kafin shuka, dabarar da har yau a ke cin amfaninta.

Yadda ta ke yi a dawa shi ne haka. Ranar sussuka jakunkunan nan suna fashewa, garin ya lulluɓe ƙwayoyi masu lafiya. Ido ba ya gani, iri yana nan fes a rumbu. Da damina ta faɗi aka shuka, dawa ta tsira, irin ciwon da ke manne a jikinta shi ma ya tsira, ya shiga cikin ɗan tsiron tun bai leƙo bisa ƙasa ba. Daga nan sai su tashi tare, fumfuna tana bin kan tsiro a ɓoye, kara yana girma lafiya lau, ba alama ko ɗaya. Manomi ya yi noma, ya yi maimai, ya sa taki, duk yana ciyar da abokin gaba. Sai dawa ta fid da kai sa'an nan ɓarna ta bayyana, lokacin kuwa ba sauran magani. Watau burtuntunar da a ke gani a kaka, a ranar shuka aka kamu da ita.

Wanda ya gane wannan ya san inda zai tare ta. Ya zaɓi zangarniyar iri tun tana tsaye a gona, nesa da masu ciwo, ya sussuke ta dabam, ba a masussukar da aka buga sauran ba. Masu ciwo ya yanke su ya ƙone, kada ya jefar a bakin gona. Ranar shuka kuma ya gauraye iri da maganin iri na ƙulli, gwargwadon awon da aka rubuta a jikin takardarsa, ya girgiza cikin ƙwarya ko jaka har kowace ƙwaya ta samu. Kuɗin ƙulli guda bai kai na dami ɗaya ba. Sai dai a tuna maganin nan dafi ne. Irin da aka sa wa magani ba a ci, ba a ba kaji, kuma ɗan kasuwar da ya sayi ragowarsa ya zuba cikin buhun abinci ya ɗauki alhakin rayuka. A wanke hannu da sabulu bayan shuka.

A nan akwai gyara guda da bai kamata a ɓoye ba. Burtuntuna iri iri ce. Wadda aka bayyana a sama, mai cin ƙwaya ɗaya ɗaya, ita ce maganin iri ke kashewa sarai. Akwai wadda ke mai da zangarniya gaba ɗaya baƙin dunƙule, ita irinta cikin ƙasa ya ke kwana, yana iya yin shekaru, maganinta cire masu ciwo da canja shuka. Akwai kuma mai dogayen jakunkuna kamar ƙaho, wadda iska ke kai wa dawa lokacin da ta ke fure. Manomin da ya sa magani ya ga ɗaya daga cikin waɗannan biyu kada ya ce magani ƙarya ne, ya kai zangarniyar wurin malamin gona a duba.

Mai shakka ko irinsa na ɗauke da ciwo yana iya gwadawa. Ya ɗebi cikin hannu guda daga rumbu ya ba yaro ya kai makaranta. A zuba cikin kwalba da ruwa kaɗan, a girgiza sosai, a tsiyaye ruwan a bar shi ya kwanta, a ɗauki ɗigo daga gindi a duba. In ƙwallayen nan suna ciki za su fito. Gani ya kori ji. Wannan ya fi amfani ga gari da a kulle madubi cikin kabad don tsoron kada yara su lalata shi, abin da ya zama ruwan dare a makarantu. Madubin da ke kulle ma ba ya tsira, gama laimar damina tana sa fumfuna ta tsira a jikin gilasansa ta cinye su. Abin da ya ke bukata shi ne a ɗauke shi da hannu biyu, a rufe shi daga ƙurar hunturu, a ajiye shi wuri busasshe, kuma kada a goge gilashi da bakin riga, sai da takardarsa ta musamman.

Shi ma madubin likita yana da tasa iyaka, kuma ya kamata a faɗa don kada a ɗora masa abin da ba ya iyawa. In an yi amfani da gilashi mai sau 100 da ɗigon mai na musamman, a kan kai sau 1,000, a ga ƙananan ƙwayoyin bakteriya, irin waɗanda ke zaune cikin 'yan ƙululun saiwar gyaɗa da wake suna ƙara wa ƙasa ƙarfi. Bayan haka ko an ƙara girman hoto ba a ƙara ganin kome, sai hazo. Wani Bajamushe, Ernst Abbe, ya nuna a 1873 cewa laifin ba na gilashi ba ne, shi haske kansa ba ya iya rarrabe abin da ya kasa kashi ɗaya cikin 5,000 na milimita.

Ciwon kuturtar gyaɗa, wanda ke sa ganye ya murɗe ya yi rawaya gindi ya tsuke, yana cikin waɗanda suka wuce wannan iyaka. Shi ne ya halaka gyaɗa kusan hekta 700,000 a arewacin Nijeriya a 1975, shekarar da tsofaffin manoma ba su manta ba. Abin da ke kawo shi bairos ne, ba a ganinsa sai da madubin lantarki irin wanda aka fara ƙerawa a Jamus a 1931, kuma ba makarantar sakandaren da ke da shi. In yaro ya duba ganyen gyaɗa mai kuturta ya ce bai ga ƙwayar ciwo ba, gaskiya ya faɗa. Abin da zai iya gani, ko da gilashin hannu ma, shi ne ƙwaron darɓa mai ɗauke da ciwon daga gindi zuwa gindi da ɗan siririn bakinsa mai tsotsa. Maganin iri na fumfuna ba ya taɓa bairos. Abin yi shi ne shuka da wuri da ruwan fari, a matse shuka kada a bar fili tsakanin gindi, a tuge gyaɗar da ta tsira da kanta a fadama da rani tun da a jikinta ƙwaro da ciwo ke rayuwa kafin damina, a kuma nemi iri mai jure kuturta daga cikin waɗanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da sunan Samnut.